Tarihin Maganin Wankin Ciki a Ƙasar Gummi

Gummi da Bukkuyum da Anka suna jere ne a yammacin ƙasar Zamfara. Gummi ce can yamma, Anka daga gabas, Bukkuyum kuwa tana tsakani. Gulbin Zamfara da gulbin Ka su ke ratsa ƙasar suna gangarawa yamma, su bar fadamu inda a ke noman shinkafa da albasa da sauran kayan lambu. A tudu kuwa sai gero da dawa da wake. Sarkin Mafara ke sarautar Gummi, Sarkin Danko ke Bukkuyum, Sarkin Zamfara ke Anka. A da duka ukun suna cikin Lardin Sakkwato, sai a 1996 da aka yanke Jihar Zamfara suka faɗa cikinta.

Labarin sarakunan nan da yaƙe-yaƙensu an sha ba da shi. Amma akwai wani labari wanda ba safai a ke rubuta shi ba, don mutane suna jin nauyin faɗarsa, ga shi kuwa babu gidan da bai taɓa ba. Shi ne labarin ɗaurewar ciki ga tsofaffi, da maganin nan mara daɗi da a ke fama da su su sha. Wanda ya bi labarin tun daga farko zai ga maganin ya sake kama sau da yawa. Da ganye ne, ya koma gishiri, ya koma ruwan kwalba da ƙwaya. Abin da bai sake ba shi ne, lafiyar tsoho tana hannun mai miƙa masa maganin, gama shi ke aunawa, shi ke kuma lallashi.

Abin da ke ɗaure cikin tsoho

Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga abin da ya rage na abinci kafin ya fita. In abin ya daɗe a ciki sai ya bushe ya yi tauri, kamar yadda laka ke yi a bakin fadama da rani. To, tsufa ya kan tara dalilan da ke sa ya daɗe. Haƙora sun zube, tsoho ya bar tauna ganye da wake, ya koma kunu tatacce. Ƙishirwa ba ta damunsa kamar da, har wani ya kan rage shan ruwa da gangan don kada fitsari ya tashe shi da dare. Gwiwa ta hana zuwa gona, sai zaman tabarma. Da bazara kuwa, sa'ad da zafi ya kan wuce awo 40, gumi ya kan kwashe ɗan ruwan da ke jikinsa. Haka a ke kwana uku, a kwana biyar, ciki ya kumbura, abinci ya fita kai, yunƙuri ya tayar da basur. Daga nan sai a shiga neman maganin wankin ciki.

Magungunan kakanni

Tun kafin a san kwalba mutanen ƙasar nan suna da magungunansu, sun kuma san bambancinsu. Akwai masu sauƙi, akwai masu ƙarfi, akwai waɗanda gara a kira su guba.

Mafi sauƙi ita ce tsamiya. A kan jiƙa ta ta kwana, a tace a sha da safe, ko a dama kunu da ita. Miyar kuka da ta kuɓewa da ta lalo su ma suna taimako. Sai kanwa, wadda fatake su ke kawowa daga Barno da ƙasar Manga, a kan jefa 'yar kaɗan cikin kunu.

In waɗannan sun kasa, sai a koma ga filasko. Wani ɗan tsiro ne gajere mai son ƙasar yashi, ganyensa ƙanana biyu-biyu a jere, 'ya'yansa cikin kwanso mai faɗi lanƙwasasshe. A kan shanya ganyen, sa'an nan a dafa shi ko a daka. Ruwansa yana da ɗaci da wani gafi mai tayar da zuciya, yana kuma sa murɗar ciki. Saboda haka a ke haɗa shi da tsamiya don tsami ya danne ɗacin, a jefa citta ko kanumfari saboda murɗa. Wannan dabara ta haɗa ɗaci da tsami ita ce ta farko a tarihin nan, har wa yau kuwa ba ta tsufa ba.

Filasko yana da wani hali wanda ya kan ruɗi mutane. Ƙarfinsa ba ya tashi a tumbi, sai ya isa babban hanji, inda waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ke narka shi, sa'an nan ya motsa hanjin. Tafiyar nan ta kan ci awa 6 zuwa 12. Wanda bai san haka ba, in ya ba tsoho da hantsi ya ga azahar ta yi shiru, sai ya ƙara wani ƙoƙon. Da dare duka biyun su taso tare.

Akwai kuma zurma, wadda waɗansu ke kira cika-gida. Man da a ke tatsa daga 'ya'yanta yana wanke ciki da sauri, cikin awa 2 zuwa 6. Tsohon magani ne ƙwarai, gama an sami ambatonsa cikin wata takardar likitocin Masar da aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa. Amma 'ya'yan kansu guba ne ga wanda ya tauna su. Haka kuma 'ya'yan bini-da-zugu, da nonon tinya da na tumfafiya. Waɗannan ba wanki su ke yi ba, ƙona hanji su ke yi.

Inda aikin kakanni ya yi rauni shi ne wajen awo. Ma'auninsu tafin hannu ne da ludayi da ƙoƙo, ƙarfin ganye kuwa ba ɗaya ba ne, na bana daban da na bara, na wannan fage daban da na wancan. Ga kuma wani zato da ya zauna a zukata, wai magani in ba ɗaci ba shi da ƙarfi, in kuma bai kai mutum bayan gida sau da yawa ba bai yi aiki ba. Saurayi majiyi ƙarfi ya kan jure wannan, kashegari ya ɗauki fartanyarsa. Tsoho kuwa ruwan jikinsa kaɗan ne. Zawon yini guda ya isa ya kwashe ruwan da gishirin jikinsa, ƙafafu su mutu, hankali ya gushe. In ta Allah ta kasance sai a ce ciwon ne ya ci ƙarfinsa, ba a tuna da ƙoƙon ba.

Zamanin Sarkin Musulmi Bello

Filasko yana da ɗan'uwa a ƙasashen gabas, shi ne Larabawa ke kira sana, Hausawa su ce sanamaki, watau sana na Makka. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito cewa Asma'u 'yar Umaisu, Allah ya yarda da ita, tana wanke ciki da wani tsiro mai zafi da a ke kira shubrum, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna mata zafinsa ya yi yawa, ya kuma yabi sana. Likitocin Larabawa ne suka fara rubuta amfaninsa wajen ƙarni na 9, don ya fi sauran magungunan wankin ciki na zamanin sauƙi. Daga baya aka riƙa ɗaukarsa daga ƙasar Sudan ta kogin Nilu zuwa Iskandariya, daga can jiragen ruwa su kai shi Turai. Malaman ɗibbu na da sun ce a kwaɓa garinsa da zuma da man shanu a lasa, ya fi a sha shi tsura. Ashe su ma ɗacin ya dame su.

Ilmin nan ya iso ƙasar Hausa cikin littattafan malamai da kayan alhazai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804, bayan jihadi kuwa ƙasashen nan suka koma ƙarƙashin Sakkwato. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya yi sarautar Musulmi daga 1817 zuwa 1837, mutum ne mai son ilmin magani. Duk da yaƙe-yaƙe da gina ribaɗai, ya sami sukuni ya rubuta littattafai a kan cututtuka da Larabci. Cikinsu akwai Alƙaulus Sana, wanda ya keɓe shi ga hanyoyin tausasa ciki da wanke shi da sana, akwai kuma Alƙaulul Mansur a kan magungunan basur. Wanda ya ga Sarkin Musulmi da kansa ya ɗauki alƙalami saboda wannan lalura ya san ba ƙaramin abu ba ne, ba kuma abin da ya kamata kunya ta binne ba ne.

Bello bai tsaya ga abin da ya sani ba. A 1824 wani Bature mai suna Clapperton, wanda mutane suka sa wa Abdullahi, ya iso Sakkwato daga Kano. Cikin abubuwan da Bello ya nema a wurin Sarkin Ingila ta hannunsa har da likita wanda zai zo ya zauna a ƙasar. Likitan bai iso ba har Bello ya rasu a Wurno.

Zamanin Turawa da En'e

Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Da fari likitocinsu ba su da yawa, aikinsu kuwa duba soja da ma'aikatan Gwamnati. Sai wajen 1930 En'e-En'e na Arewa suka tashi haiƙan da gina ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai, a wannan shekara kuma aka buɗe makarantar koyon haɗa magunguna a Zariya. Gummi da Anka da Bukkuyum duk gundumomi ne na En'en Sakkwato a zamanin. Mai jiran ɗakin magani, shi ne a ke ce wa malamin asibiti ko dispensa, yana da manyan kwalabe a jere a kan kanta. Mai ciwo ya kan zo da tasa kwalbar a zuba masa.

Maganin wankin ciki na cikin waɗanda aka fi nema, iri biyu ne kuwa suka yi suna. Na ɗaya man zurma tatacce, wanda a ke kira man gelo, mai yauƙi da ƙarni, ya kan daɗe a maƙogwaro. Na biyu wani farin gishiri mai ɗacin gaske, wanda ya samo sunansa daga garin Epsom na ƙasar Ingila. An ce wajen 1618, da fari ya matsa, wani makiyayi ya sami ruwa a wani rami a bayan garin, ya kora shanunsa, shanu suka shinshina suka ƙi sha. Mutane suka ɗanɗana suka ji ɗaci, suka kuma ga yana wanke ciki. A 1695 wani likita, Nehemiah Grew, ya buga bayanin gishirin da ya fitar daga ruwan. Abin da shanun Ingila suka ƙi, shi aka kawo wa tsofaffin Zamfara. Gishirin nan janyo ruwa ya ke yi daga jiki zuwa cikin hanji, shi ya sa dole a bi shi da ruwa mai yawa, shi ya sa kuma ya ke da haɗari ga wanda ƙodarsa ta yi rauni. Da shi a ke haɗa farin ruwan nan da likitoci ke kira Mist Alba, wanda a ke girgizawa kafin a zuba, a kan kuma sa masa ruwan na'ana'a don rage ɗaci.

Kada a zaci Turawa ba su yi nasu kuskuren ba. Sun yi shekaru ɗaruruwa suna wanke ciki da wani farin gari, kalomel, wanda a ke yi da zaiba. Ya kan sa miyau ya yi ta dalala, dasashi ya ruɓe, haƙora su girgiɗe. Sai da aka gane guba ne aka bar shi.

Babban abin da ɗakin magani ya kawo shi ne awo. An san ƙarfin abin da ke cikin kowane cokali, an kuma rubuta a jikin kwalba cokali nawa za a sha, sau nawa a yini. Amma rubutu ba ya amfanin wanda bai iya karatu ba. Kwalba ta kan isa gida, wanda aka yi wa bayani ya manta, ko ya tafi gona, sai a koma ga tsohon zato, a ce in cokali guda yana magani, rabin kwalba ya fi. A nan ne Yaƙi da Jahilci, wanda aka ɗaura a Jihar Arewa a farkon shekarun 1950, ya yi wani amfani wanda ba a cika lissafa shi ba. Gidan da aka sami mutum guda mai iya karanta jikin kwalba, an sami mai tsaron ran tsohon gidan.

Wa ke ba tsoho magani?

Samun magani daban, shigar da shi cikin tsoho daban. A nan al'adar Hausawa ta ɗaure wani wuri, ta kwance wani wuri.

Inda ta ɗaure shi ne kunya. Dattijo ba ya buɗe baki ya gaya wa surukarsa ya kwana biyar bai zaga ba. Ɗan fari, wanda iyaye ba su ko kiran sunansa, ba shi da fuskar tambayar uwarsa irin wannan magana. Don haka ciwon ya kan ɓoyu har ya yi nisa, sai an ga tsoho ya ture akushi, ko an ji yana nishi da dare. Wanda ya kan fara ji shi ne tsohuwar matarsa, ko amininsa, ko wanzamin gidan. In kuwa an kawo magani, ɗa ba ya iya matsa wa ubansa. Iyakarsa ya durƙusa ya ce, "Baba, Allah ya ba ka lafiya, ga abin da malamin asibiti ya ce a sha." In Baba ya kau da kai, shi ke nan, magana ta ƙare.

Inda ta kwance kuwa shi ne wasan jika da kaka. Abin da ɗa ba ya iya faɗa, jika ya faɗa a yi dariya. Shi ya sa a gidaje da yawa jika a ke turawa da cokali. A kan ji yarinya ta tsaya gaban kakanta tana cewa, "Haba maigida, kai da ka ke cika bakin ka ka da maza a fagen kokawa, wanga ɗan cokali ya gagare ka? In ba ka sha ba, yau ba ni yi maka tuwo." Shi kuwa ya ce, "Tafi can, ja'ira, wa zai zauna da mace mai hannun ɗaci?" Yana faɗa yana karɓa. Girmansa bai zube ba, magani kuwa ya shiga. Sai dai awo aikin babba ne, miƙawa kaɗai ce ta jika.

Akwai wata hanya da waɗansu ke bi in haƙuri ya ƙare, ita ce ɗura, irin wadda a ke yi wa jarirai. A danne tsoho, a toshe masa hanci, a zuba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'ishatu cewa a ciwon ajalin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a shekara ta 11 bayan Hijira, iyalinsa sun zuba masa magani ta gefen baki yana yi musu ishara su bari. Suka ɗauka ƙin magani ne irin na kowane majinyaci. Da ya farfaɗo sai ya yi umurni a zuba wa duk wanda ke ɗakin, ban da baffansa Abbas, don shi bai halarci abin ba. Likitocin zamani sun ƙara da nasu dalili. Maƙogwaron tsoho ba ya rufe hanyar numfashi da sauri kamar na yaro matashi. In ya ƙware, magani ya faɗa huhu, sai zazzaɓi da ciwon huhu su biyo baya, mai kuwa ya fi kome muni a wannan. Sau da yawa ɗurar ta fi ɗaurewar cikin haɗari.

Ɓoye magani cikin fura ko tuwo ba da saninsa ba shi ma yana da nasa sharri. Harshen tsoho ya kan gane, in kuwa ya gane sai ya ƙi abincin gidan duka, a rasa magani a rasa ci.

Darasin 2010

Akwai darasin da ƙasar nan ta koya da hawaye. A farkon 2010 yara ƙanana suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda a ke kira Na-gari Na-kowa, tare da masu bincike, suka gano dalili. Duwatsun zinariya da a ke kawowa cikin gidaje a ke daka su, a niƙa su, suna ɗauke da dalma, ƙurar ta zauna a tsakar gida da ɗakuna. Yara fiye da 400 suka rasu. Aka buɗe wuraren jiyya a asibitocin Anka da Bukkuyum, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aikin bai kai Bagega ba sai 2013. Maganin da ke fitar da dalma daga jini yana da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ana kuwa shansa kwana 19 ko fiye. Iyaye mata suka daure suka ba 'ya'yansu, dubbai suka tsira.

Abin da ya haɗa wannan da labarin tsofaffi shi ne, dalma a jikin babba ta kan fito ne da murɗar ciki mai tsanani da ɗaurewar ciki. An daɗe da sanin haka a Turai. A 1767 wani likita, George Baker, ya nuna cewa ciwon cikin da ya addabi mutanen yankin Devon na Ingila daga dalmar da ke jikin kayan matse 'ya'yan itacensu ya ke. Saboda haka, tsohon da ke zaune a gidan da aka taɓa niƙa dutse, in cikinsa ya ɗaure yana murɗa, filasko ba zai fitar da abin da ke cikin jininsa ba. Awon jini ya ke bukata. Ɗaurewar ciki wani lokaci ita ce ciwon, wani lokaci kuwa 'yar aike ce ta wani ciwo da ke ɓoye.

Abin da aka gada

An rushe tsarin En'e a 1976, ƙananan hukumomi suka gaje shi, kantunan sayar da magani kuma suka yawaita. Magungunan ma sun sake. A 1941 masana a ƙasar Suwizalan suka fitar da ainihin abin da ke aiki cikin ganyen sana, yanzu ana yin ƙwaya da shi mai awo sananne. Watau filaskon kakanni da sanamakin Bello ba su mutu ba, riga suka sake. A shekarun 1950 aka fara amfani da wani ruwa mai kauri da a ke kira laktulos, wanda ke tausasa bayan gida a hankali cikin kwana 1 ko 2. Shi nasa laifin zaƙi ne ya yi yawa har ya kan ginshi mutum, sai a sirka shi da ruwa. Man gelo da gishirin Epsom kuwa likitoci sun ja baya da ba da su ga tsofaffi. Sababbin dalilan ɗaurewar ciki kuma sun shigo, kamar burodi da taliya da farar shinkafa waɗanda aka raba da dusarsu, da ƙwayoyin ƙarin jini, da magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramadol da kodin.

Daga wannan doguwar tafiya ga abin da ya tabbata. A fara da abinci kafin magani: ruwa a kai a kai ko bai nema ba, miyar ganye, wake da ya dahu lugub, gwanda, tsamiya, da ɗan tattaki ko zuwa masallaci ne. In ta kama a sha magani, a gaya wa tsoho gaskiyar abin da za a ba shi da amfaninsa, a keɓe, ba gaban surukai ba. A karanta jikin kwalba, a auna da murfin awo ko cokalin da aka faɗa, kada a ƙara don an ga shiru. A zaunar da shi sosai, kada a ba shi yana kwance. Sanyi yana rage ɗaci, saboda haka a ajiye abin sha a gindin randa. Yawancin abin da a ke ji a baki hanci ke kawo shi, in shi da kansa ya toshe hancinsa ya haɗiye, ya fi sauƙi. A tanadi abin korawa a hannu, ruwan tsamiya ko ɓarin lemo, ko ɗan zuma ga wanda ba shi da ciwon sukari. Kanwa kuwa ba ta dace da mai hawan jini ba. Waɗansu ƙwayoyin an lulluɓe su ne don kada su narke a tumbi, irinsu ba a daka su, ba a kuma shansu tare da nono ko madara, don haka a tambayi malamin asibiti kafin a kora da fura. Mai sana a cikinsa da dare a ke sha don ya yi aiki da safe, a kuma ajiye fitila da buta da sanda kusa, gama faɗuwa a duhu ta karya tsofaffi da yawa. In zawo ya wuce kima, a tsai da magani, a ba da ruwan gishiri da sukari, a nufi asibiti.

Akwai kuma lokacin da ba a ba da maganin wankin ciki ko kaɗan. In ciki ya kumbura ya yi tauri, ga amai, ko tusa ba ta fita. In gwaiwa ta fito ta ƙi komawa tana ciwo. In ana ganin jini a bayan gida, ko tsoho yana ramewa ba dalili, to, mai yiwuwa hanji ne ya toshe ko wani ciwo ya tsiro a ciki. Tura magani a kan hanjin da ya toshe kamar tura ruwa ne a kan madatsar da ta tsage. Wannan aikin likita ne, ba ya jiran gobe.

Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Isra'i, ya yi horo da tausasa harshe ga iyaye musamman in tsufa ya riske su a hannun 'ya'yansu. Miƙa cokalin magani yana cikin wuraren da a ke gwada wannan horo, domin a nan ne gajiya da gaggawa su kan so su rinjayi ladabi. Tsohon da ke kau da kai yau, shi ne ya yi ta lallashin yaro ya sha ruwan sabara shekaru 50 da suka wuce. Allah ya ba tsofaffi lafiya, ya ba masu jiyyarsu haƙuri da lada, amin.